Yadda ake zaɓen irin masara mai zaƙi da kabewa don noman kasuwa

Manomin da ke noma don sayarwa yana fara zaɓen iri ne daga bakin mai saye, domin wanda zai biya kuɗin kayan shi ne ya san girman da yake so, da launi, da ranar da yake buƙatar a kawo masa. Wannan ya shafi kowane kayan lambu, amma ya fi tsanani a kan masara mai zaƙi da kabewa, waɗanda halayensu suka saɓa wa juna: masarar tana fara lalacewa tun daga sa'ar da aka karya ta, kabewa kuwa tana iya zama watanni tana jiran farashi ya tashi. Saboda haka kafin a buɗe takardar mai sayar da iri, ya kamata manomi ya zauna da dillalinsa, ko mai otal, ko mai kantin da zai karɓi kayan, ya ji abin da suke nema, sannan ya lissafa sa'o'i nawa ne tsakanin gonarsa da wurin da za a sauke kayan.

Masara mai zaƙi ta bambanta da masarar hatsi da aka saba gasawa a bakin titi da damina. Ita ɗanyar masarar hatsi tana da ɗan garɗi idan an karya ta da wuri, amma ƙwayarta tana gaggawar mayar da sukari ya zama sitaci, abin da ya sa take yin gari. A masara mai zaƙi an sami canji a ƙwayar halitta wanda ke rage wannan juyawar, kuma bisa wannan canjin ne aka kasa ta gida uku, waɗanda alamominsu ke rubuce a jikin fakitin iri ko a takardar kamfani. Wanda bai iya karanta waɗannan alamomi ba yana sayen iri ne a makance.

Kashi na farko shi ne mai alamar su, wanda shi ne tsohon nau'i. Irinsa yana da ƙarfin tsiro, ƙwayarsa tana da laushi da ɗanɗanon masara sosai, sai dai zaƙinsa ba ya jimawa, domin a zafin da ya kai digiri 30 goyon da aka karya yana iya rasa kusan rabin sukarinsa cikin kwana ɗaya. Manomin da gonarsa ke bakin gari, wanda zai karya da asuba ya sayar kafin azahar, shi kaɗai zai ci moriyar wannan nau'i. Kashi na biyu mai alamar se ya fi na farko zaƙi, fatar ƙwayarsa siririya ce ƙwarai, kuma yana ƙara kwana biyu zuwa uku kafin ya sauya, amma wannan laushin nasa ne ke sa ya farfashe idan aka cusa shi a buhu aka ɗora wani a kansa. Kashi na uku shi ne mai alamar sh2, wanda wani masani mai suna John Laughnan ya gano amfaninsa a Jami'ar Illinois ta Amurka a shekarun 1950. Sukarinsa yakan ninka na nau'in farko sau biyu ko fiye, yana riƙe zaƙinsa kusan mako guda idan ya sami sanyi, fatarsa kuma tana jure ɗauka da saukewa. Duk wanda zai ɗora kaya a mota daga Kadawa ko Zariya zuwa Abuja ko Legas, wannan ne nau'in da ya kamata ya nema.

Sai dai sh2 yana zuwa da sharuɗɗa biyu waɗanda idan aka yi sakaci da su kuɗin iri ya tafi a banza. Na farko, ƙwayar irinsa a yamutse take, ba ta da abincin ajiya mai yawa, don haka ba ta da ƙarfin huda ƙasa idan an binne ta da zurfi, kuma tana ruɓewa a ƙasa mai sanyi da laima. A shuka ta a zurfin da bai wuce santimita 2 zuwa 3 ba, a ƙasa mai laushi wadda aka riga aka ba ruwa, kuma a lura cewa a tsakiyar hunturu, wato ƙarshen Disamba da Janairu, sanyin dare yana iya jinkirta tsiro ya bar gibi a kunya. Na biyu shi ne nisantawa. A masara, garin furen da ya sauka a kan gemun goyo yana shafar ƙwayar da za a ci a wannan kakar kanta, saboda haka idan iska ta kwaso garin fure daga gonar masarar hatsi ta maƙwabci, ko ma daga nau'in su ko se, ƙwayoyin da ya taɓa za su fito da tauri da sitaci, mai saye kuma zai gane tun a cizon farko. Ana neman tazarar aƙalla mita 75, kuma mita 150 ta fi ba da kwanciyar hankali inda iska ke kaɗawa. Idan fili bai ba da dama ba, kamar yadda yake a yawancin filayen noman rani inda gonaki ke manne da juna, sai a raba su da lokaci, a tabbatar akwai aƙalla kwana 14 tsakanin fitar furen gonakin biyu. Wannan yana buƙatar a yi magana da maƙwabta tun kafin shuka, a san ranar da kowa zai zuba irinsa.

Bayan an tsayar da nau'i, sai a tambayi inda aka ƙirƙiri irin. Yawancin irin masara mai zaƙi da ake gani a intanet da hotuna masu kyau an yi su ne don Amurka da Turai, inda yinin bazara ke da tsawo kuma cututtukan suka bambanta da namu. Idan aka kawo su ƙasa mai zafi sukan yi fure tun suna gajeru, su ba da ƙaramin goyo, cutar ganye kuma ta cinye su. Irin da aka inganta a ƙasashe masu zafi, kamar Tailan wadda ta yi suna wajen fitar da masarar gwangwani, ko tsibiran Hawai inda wani masani mai suna James Brewbaker ya shafe shekaru yana wannan aiki, sun fi dacewa da yanayinmu. A duba ko takardar ta ambaci juriya ga cutar da ke zana fararen layuka a ganyen masara, wadda wasu ƙananan ƙwari masu tsalle ke yaɗawa, domin cutar ta Afirka ce kuma irin da bai san ta ba yana iya tsumburewa gaba ɗaya. Haka nan a nemi irin da ɓawonsa ke rufe kan goyo ruf. Tun da aka fara ganin tsutsar nan mai cin masara a Afirka ta Yamma a farkon 2016, wannan siffa ta ƙara daraja, domin goyon da kansa ke buɗe ƙofa ce ga tsutsa da tsuntsu, kuma mai kanti ba zai karɓi goyon da ya buɗe ya tarar da tsutsa a ciki ba.

Adadin kwanakin da aka rubuta a fakiti, wanda yawanci yake tsakanin 70 da 85, ƙiyasi ne da aka yi a wurin da aka gwada irin. Masara tana girma ne gwargwadon zafin da ta tara, don haka irin da aka ce kwana 80 yana iya nuna da wuri a watan Oktoba, ya kuma makara idan ya ratsa hunturu. Abin dogaro shi ne ranar fitar gemu, domin daga nan kwana 18 zuwa 22 ne goyo ke kaiwa lokacin karya, sa'ad da gemun ya bushe ya yi duhu, kuma idan aka matsa ƙwaya da farce ruwa fari kamar madara ya fito. A tsara shuka yadda fure ba zai faɗa cikin tsananin zafin Maris da Afrilu ba, saboda zafin da ya haura digiri 35 tare da busasshiyar iska yana kashe garin fure, goyo ya fito da gibi. Tazarar santimita 75 tsakanin layuka da 25 tsakanin tsirrai tana ba da tsiro kusan 53,000 a hekta, kuma kusan dukkansu za su nuna cikin 'yan kwanaki. Manomin da ba shi da mai ɗaukar wannan adadi a lokaci guda gara ya kasa gonar, ya riƙa shuka wani yanki duk bayan kwana 10 zuwa 14, kowane yanki kuma ya kasance dunƙule mai layuka huɗu ko fiye domin garin fure ya wadata.

Batun kabewa ya fi sauƙi ta fuskar lokaci, amma rikicin suna ya fi yawa a cikinsa. Abu na farko, ganyen ugu da ake nomawa don miya wata shuka ce daban, duk da cewa a Turance sunansu ya yi kama, kuma wannan kamanceceniya takan rikita mai yin odar iri. Abu na biyu, kabewar da ake nomawa a duniya ta kasu dangi uku manya, waɗanda masana ke kira pepo, maxima da moschata, kuma sunan dangin yana cikin takardar kowane kamfani na kirki. Manyan kabewa masu launin ruwan lemo da suka cika hotunan kamfanonin Amurka, irin su Howden, dangin pepo ne da aka ƙirƙira don a fafe su a yi ado a bikin ƙarshen Oktoba na can. Namansu siriri ne, mai ruwa da zare, kuma matar da ta saya don miyar taushe ba za ta sake komawa wurin wanda ya sayar mata ba. Dangin maxima, wanda ya haɗa da kabocha ta Japan da Flat White Boer ta Afirka ta Kudu, yana da nama mai kauri da garɗi, amma ya fi son wuri mai ɗan sanyi kamar tsaunukan Jos. Dangin moschata shi ne ya fi jure zafi da laima, kuma a cikinsa ne kabewa mai dogon wuya da ake kira butternut take, wadda Waltham ya zama sanannen irinta tun 1970.

A nan ma kasuwa ce ke yanke hukunci. A kasuwa irin ta 'Yankaba a Kano, da ƙananan kasuwannin unguwa, ana yanka kabewa ne a sayar ɓari-ɓari, saboda haka mai kayan miya yana son babba wadda namanta ke da kauri, launinta ya yi ja sosai, ramin 'ya'yanta ƙarami, kuma idan aka dafa ta narke ta ɗaure miya. Kantunan zamani da otal-otal kuwa suna son ƙarama mai kilo 1 zuwa 2, dukkansu girma ɗaya, wadda iyali za su saya ɗungurungum. A ganina kuskure ne manomi ya raina kabewar gida don kawai ba ta zo cikin fakiti ba, domin ta daɗe tana zaune da zafinmu da ƙwarinmu, kuma masu saye sun san ta. Rauninta shi ne rashin daidaito, inda gona ɗaya ke ba da doguwa da zagayayya da mai nama fari. Ana gyara wannan ta hanyar ɗebe iri daga 'ya'yan da suka fi kauri da launi kawai, shekara bayan shekara, daga gonar da ke nesa da wata kabewa. Ba kamar masara ba, cuɗanyar garin fure ba ta canza ɗan kabewar da za a ci a bana, sai dai ta bayyana a irin da za a shuka baɗi.

Sauran abubuwan dubawa a kabewa su ne tsawon yaɗo, juriya ga cuta, da ƙarfin mariƙi, wato karan da ke haɗa ɗan kabewa da yaɗo. Mai dogon yaɗo tana buƙatar mita 2 zuwa 3 tsakanin layuka, tana rufe ƙasa ta danne ciyawa, mai gajeren yaɗo kuwa ta fi dacewa da ƙaramin filin ban ruwa inda kowace kunya ke da kuɗi. Cutar da ke zuba wa ganye farin abu kamar toka tana tashi sosai da rani, kuma idan ganye ya bushe da wuri rana tana ƙona 'ya'yan, mariƙinsu ya yi laushi, don haka irin da aka rubuta yana da juriya gare ta ya cancanci ƙarin kuɗinsa. Kabewar da mariƙinta ya cire daga nan take fara ruɓewa, shi ya sa ake yanke ta da ɗan kara mai tsawon yatsa, a shanya ta kamar kwana 10 a inuwa mai iska fatarta ta yi ƙarfi, sannan a jera ta a kan katako ba tare da an tara wata kan wata ba. Kowane iri aka zaɓa, sai da ƙudan zuma yake ɗaure 'ya'ya, domin furen namiji daban yake da na mace kuma da safe suke buɗewa, saboda haka feshin magani ya koma yamma.

Game da sayen irin kansa, kusan duk masara mai zaƙi ta kasuwa da yawancin sababbin kabewa iri ne mai aure, wato wanda aka samar ta hanyar haɗa iri biyu daban, wanda ake rubuta wa F1, kuma idan aka ajiye 'ya'yansa aka sake shukawa gonar za ta fito a rarrabe. A saya daga dillalin da ke da rajista, a duba ranar da aka shirya fakitin da alamar hukumar kula da ingancin iri ta ƙasa, a kuma guji ajiye irin sh2 zuwa wata shekara domin ƙarfinsa yana raguwa da sauri a zafi. Kafin shuka a ƙirga ƙwaya 100, a naɗe su a jiƙaƙƙen tsumma, a duba bayan mako guda nawa suka tsiro. Sabon iri kuma kada ya wuce 'yan layuka a kakar farko, a shuka shi kusa da wanda aka saba da shi idan nau'insu ɗaya ne, da taki ɗaya da ban ruwa ɗaya, a rubuta ranar shuka da ta fure da adadin abin da ya isa sayarwa. Idan an girbe, a kai samfurin duka biyun wurin mai saye ya dafa ya ɗanɗana, wanda ya ce a ƙaro masa shi za a ba fili mai yawa a kaka ta gaba.