Yadda Ake Sauya Ma'ajiyar Laftof Zuwa SSD

Idan laftof ɗinka tana jan ƙafa kafin ta tashi, ko tana maƙalewa da zarar ka buɗe manhajoji biyu-uku, yawanci laifin tsohon HDD ne, wato ma'ajiya mai faifan da ke juyawa. Cire shi a sa SSD, wato ma'ajiya mai sauri da ba ta da faifai, ba ya buƙatar fiye da ƙaramin sukurudireba da haƙuri. Inda ake tafka asara shi ne wajen saye, domin ba kowane SSD ke shiga kowace kwamfuta ba.

Da farko, gano irin gurbin da kwamfutarka take da shi. Kifa ta, ka karanta cikakken lambar samfurin, sannan ka nemi littafin gyaranta a intanet. Dell da HP da Lenovo suna sakin nasu kyauta. In 'yar Beljiyam ce, kwance murfin ka gani da idonka, don ba ka san hannun da ta bi ba.

Idan ka tarar da HDD mai inci 2.5, ka huta. Kowane SSD na SATA (irin mahaɗin da HDD ɗin ke amfani da shi) mai wannan girman zai zauna, sai dai gudunsa ba zai wuce kimanin megabait 550 a daƙiƙa ba, komai tsadarsa. Ko hakan ma, bambancin a bayyane yake.

Gurbin M.2 ne mai rikici. SSD ɗinsa ɗan siririn allo ne, kuma iri biyu ne masu kama da juna: SATA da NVMe. Wasu kwamfutocin suna karɓar duka biyun, wasu ɗaya kawai. Abin haushin, wani lokaci zai shige daram ka ɗaure shi, ka kunna, kwamfutar ta nuna ba ta san da zamansa ba. Dubi bakinsa mai ruwan zinare: na SATA galibi tsaga biyu gare shi, na NVMe tsaga ɗaya. Amma tsaga alama ce kawai, littafin kamfani shi ne alƙali. Sai tsawo. Lambar 2280 tana nufin faɗi milimita 22, tsawo 80, kuma akwai gajeru, 2242 da 2230. Dogo ba zai shiga wurin gajere ba. Kada kuma mai shago ya ruɗe ka da NVMe na Gen 4, zubin da ya fi gudu, alhali gurbinka Gen 3 ne: zai yi aiki, amma a gudun Gen 3, wato kusan megabait 3,500, ka biya kuɗin abin da ba za ka mora ba.

Akwai waɗanda babu yadda za a yi da su. Ƙananan laftof masu araha da ke da ma'ajiya irin ta eMMC, da MacBook Air daga 2018 zuwa yau, ma'ajiyarsu a liƙe take da dalma a jikin madabod, wato babban allon da ke cikin kwamfutar. Masu irin waɗannan sai dai ma'ajiyar waje ta USB.

Kafin ka taɓa noti ko ɗaya, kwashe fayilolinka zuwa wani wuri. Idan BitLocker, makullin Windows da ke kulle ma'ajiya, a kunne yake, adana lambar buɗe shi. Daga nan ka zaɓa: ko ka kwafe tsohon gaba ɗaya da manhaja irin Clonezilla, ko ka zuba sabon Windows daga filashi mai akalla gigabait 8. Ni na fi son na biyun, domin kwafi yana taho da duk tarkacen da ke nauyaya kwamfutar. In kwafin za ka yi, cika batir tukuna, kada a ɗauke wuta aiki na tsaka. Lasisin Windows 10 ko 11 yawanci yana ɗaure da madabod, zai dawo da kansa in ka hau intanet.

Yanzu kashe ta gaba ɗaya, zare caja, ka cire batir ko ka zare wayarsa daga ciki. Taɓa wani ƙarfe kafin ka kai hannu, saboda lantarkin da jiki ke tarawa, musamman lokacin hunturu. SSD na M.2 a karkace ake tura shi, sannan a danna shi ƙasa a ɗaure da noti ɗaya. Kada ka matse da ƙarfi.

Kunna ka shiga BIOS, wato shafin saitin da ake shiga kafin Windows ya tashi, ka tabbatar sunan sabon ya fito. In ya haura terabait 2, tsara shi da tsarin GPT, don tsohon tsarin MBR ba ya ganin abin da ya wuce haka. Tsohon HDD kuwa kada ka goge shi sai ka yi mako guda komai lafiya, sannan ka sa shi a gidan USB ya zama wurin ajiyar hotuna da bidiyo.