Tono saiwar wakenka ka gani ko yana yi wa gona taki

Toh manoma, kowa ya san gonar da aka cire wake ko gyaɗa in aka sa mata masara ko dawa baɗi sai ta yi kyau, amma ba kullum ba ne, kuma za ka iya dubawa da idonka.

Wasu ƙwayoyin bakteriya ne a cikin ƙasa, rizobiyom sunansu, suke shiga saiwar wake su yi gida. Kashi 78 cikin ɗari na iskar da muke shaƙa naitrojin ne, abin da malaman gona a nan Garwa suke cewa azot, shi ne dai muke biyan sefa mu saya a buhun uriya. Shuka ba ta iya cin na iska, su ƙwayoyin ne ke juya mata shi, ita kuma tana ciyar da su da sukari.

In wake ya kai sati 5 ko 6, bayan ruwa, sa fartanya ka tono gindi uku ko huɗu, kar ka fizge da hannu don Allah, abin da muke nema a jikin saiwar zubewa zai yi. Wanke saiwar za ka ga 'yan ƙululu manne kamar ƙwayar gero ko dawa, fasa ɗaya da farce. Cikin ja-ja kamar nama? Aiki na tafiya. In fari ne bai fara ba, in kore ne ya daina. Wanda kuma ka murza bai cire ba, saiwar ce da kanta ta kumbura, wannan cutar tsutsa ce.

Kar ka zabga wa wake uriya, in ya samu na banza ƙululun ba sa fitowa sosai, takin fosfat ya fi buƙata. Waken soya kuwa a gonar da bai taɓa shiga ba, nemi garin rizobiyom ɗin ka cuɗa da iri a inuwa ka shuka a ranar, zafin rana kashe su yake.

Inda muke yin asara shi ne kaka. Mu kwashe ƙwaya mu kwashe harawa kaf mu ɗora a rufin ɗaki, alhali yawancin azot ɗin yana cikinsu, sannan mu ce ai wake ya gyara gona, da me? Ni ban ce a hana tumaki harawa ba, amma yanke waken ka bar saiwa a ƙasa, kashin dabbobin kuma ka mayar gonar kafin ruwan farko.