Yadda na rabu da lemon kwalba

Da can ba na iya cin shinkafa da wake sai da Coke mai sanyi a gefe. Kwalba uku a wuni, in zafin Afrilu ya matsa har huɗu. Abin da ya farkar da ni lissafi ne: gwangwani ɗaya na ɗauke da sukari wajen gram 35, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce kimanin gram 50 a wuni.

Kada ka yanke shi dare ɗaya. Na gwada, ciwon kai ya hana ni sakat kwana uku, saboda rashin kafeyin, wato sinadarin da ke cikin Coke wanda jiki ya saba da shi. Fara da cire na rana, bayan mako guda ka cire na dare.

Sannan ka samo abin da zai maye gurbinsa. Ni zoɓo nake haɗawa a gida, da citta da kanumfari, sukarin kaɗan. Na kan titi, ka yi hattara, wani ya fi lemon zaƙi. Ka ajiye gorar ruwa a firji, domin sau da yawa ƙishirwa ce kawai ke damunka.

Wurin biki ne ake faɗuwa. In an miƙo, nakan karɓa, in miƙa wa na kusa da ni.