Darasi na 7: Wane murhu za mu saya, na gas, na maganaɗisu, ko na haɗaka?

Wata ɗalibar ajinmu ta aurar da 'yarta bara. Cikin kayan jere har da wani murhu baƙi mai fuskar gilashi, sumul kamar madubi, wanda ba a ganin wuta a jikinsa. Duk wadda ta shiga ganin ɗaki sai ta yaba. Bayan mako biyu amarya ta kira uwar a waya ta ce, "Umma, murhun nan fa ya ƙi tukwanena. Na ɗora, sai ya yi ta ƙara, ruwan ko ɗumi bai yi ba. Kuma wutar unguwar nan sai tsakar dare ake kawo ta." Murhun lafiyarsa ƙalau. An dai saye shi ne ba a tambayi abu biyu ba: irin tukwanen da za a ɗora masa, da irin wutar da ke gidan.

A wannan darasi za mu koyi yadda ake yin waɗannan tambayoyi kafin kuɗi su bar hannu. Za mu kuma yi ɗan lissafi, don haka ku ajiye fensir da littafi kusa.

Murhun gas

Wannan mun san shi. Tukunyar gas, regileta, tiyo, sai kan murhu. Ana samun tukunya mai kilo 3, mai kilo 6 da mai kilo 12.5. Ƙananan ana ɗaura musu kan murhu kai tsaye, babbar kuwa ana ja mata tiyo zuwa murhu mai baki biyu ko fiye.

Babban alherin gas shi ne ba ya zaɓar tukunya. Ta ƙasa, ta dalma, ta silba, kasko, tanda, duk yana ɗauka. Ana ganin harshen wutar da ido, a rage a ƙara yadda ake so. Kuma ba ruwansa da ɗaukewar wuta. Matuƙar akwai gas a tukunya, za a ci abinci.

Amma gas yana son kula, kuma ban yarda a wuce wannan wuri da sauri ba. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi. Idan ya zuba ba ya tashi sama, kwanciya yake yi a ƙasa, ya taru a lungu da ƙarƙashin kanta. Asalinsa ba shi da wari, kamfanoni ne ke sa masa wannan warin da gangan don hanci ya yi mana gargaɗi. Idan kun ji warin, kada a ƙyasta ashana, kada a taɓa makunnin lantarki, ko kunnawa ko kashewa. A rufe regileta, a buɗe ƙofa da taga, a fitar da yara. In ana so a gano inda yake yoyo, a kaɗa sabulu da ruwa a shafa a bakin tukunya da mahaɗar tiyo. Inda kumfa ta riƙa tasowa, nan ne ɓarakar.

Ku riƙa duban launin wutar. Shuɗiya ita ce lafiyayyar wuta. Idan ta koma rawaya tana baƙanta gindin tukunya, to ramukan kan murhun sun toshe ko iska ba ta isa, kuma irin wannan wuta tana fitar da iska mai guba wadda ba a gani, ba a jin warinta. Shi ya sa ko da sanyin hunturu ba a girki da gas a rufaffen ɗaki. Tiyon da ya bushe ko ya tsage a canza shi. Tukunyar gas kuma a tsaye ake ajiye ta, a inuwa, nesa da murhun gawayi.

Murhun maganaɗisu

'Yan kasuwa suna ce masa indokshan. Da lantarki yake aiki, amma ba kamar hita ko dutsen guga ba. A ƙarƙashin gilashin akwai naɗin wayar tagulla. Idan wuta ta bi ta cikin wayar sai ta haifar da ƙarfin maganaɗisu, wannan ƙarfi ya shiga gindin tukunya, tukunyar ta yi zafi da kanta. Wato tukunyar ce murhun. Shi ya sa ruwa ke saurin tafasa, kicin ba ya turara, gindin tukunya ba ya baƙi. Idan aka sauke tukunya, murhun yakan tsaya da kansa. Wadda ta taɓa tsayuwa a kan girki da tsakar rana a watan Afrilu ta san darajar kicin da ba ya ƙara wa mutum zafi.

A nan ne matsalar amaryarmu take. Ba kowane irin ƙarfe ne ƙarfin maganaɗisu yake kamawa ba. Yawancin abin da muke kira tukunyar ƙarfe, wadda maƙera ke zubawa a kasuwanninmu, alminiyam ce, kuma maganaɗisu ba ya kama alminiyam. Haka tagulla, haka tukunyar ƙasa, haka tangaran. Gwajin ba wuya. Ku samo ɗan maganaɗisu, ko na tsohuwar lasifikar rediyo ne, ku manna a gindin tukunya. In ya kama gam, za ta yi. In ya zame, ba za ta yi ba, komai tsadarta. Ko a cikin tukwanen silba masu ƙyalli, wasu suna kamawa wasu ba sa kamawa, saboda haka a gwada kowace ɗaya. Sannan gindin ya zama shafaffe wanda zai kwanta a kan gilashi. Tukunya mai zagayayyen gindi ba ta zama.

Akwai kuma maganar tuwo, wadda mai shago ba zai taso da ita ba. Tuƙin tuwon masara ko na dawa aikin ƙarfi ne. Ana danne tukunya, ana juya muciya, tukunya tana motsi. A kan gilashi tukunyar zamewa take yi, tana goge fuskar murhun, kuma in ta yi nauyi aka dangwarar da ita da ƙarfi gilashin yana iya tsagewa. Gilashin da ya tsage ba a ƙara kunna shi, don ruwa zai iya shiga ya haɗu da wuta. Ga tanda ma. Masu toya waina ba za su ji daɗin wannan murhu ba, domin gindin tanda ƙulu-ƙulu ne. Inda ya fi dacewa shi ne shayi, kunu, dafa shinkafa, taliya, miya, ɗumame da tafasa ruwa.

Sai ƙarfin wuta. Ku juya murhun, za ku ga lamba da harafin W a gefenta. Ma'anarsa wat, wato yawan wutar da yake ja. Ƙaramin mai baki ɗaya yakan kai 2,000. Ƙaramin janareton da ake kunna fitila da fanka da shi bai kai wat 1,000 ba, don haka ba zai ɗauka ba. Ƙaramar sola ta cajin waya da talabijin ma haka. Kuma kada a jona shi a wayar jone mai araha, za ta yi zafi ta narke. Soket ɗin bango mai kyau yake so, shi kaɗai. Idan wutar unguwa tana yawan zuwa da rauni, murhun zai riƙa nuna wata lamba yana tsayawa a tsakiyar girki.

Wanda likita ya sa wa na'urar daidaita bugun zuciya a ƙirji ya nisanci murhun nan da kamar santimita 60 idan yana kunne, ya kuma tambayi likitansa.

Ku lura da wani abu a kasuwa. Akwai murhun lantarki mai fuskar gilashi wanda yake yin ja jawur idan an kunna shi. Wannan daban ne. Shi yana ɗaukar kowace tukunya mai shafaffen gindi, amma ya fi shan wuta, kuma fuskarsa tana daɗewa da zafi bayan an kashe. Suna kama da juna a ido ƙwarai. Ku ce wa mai shago ya kunna muku ba tare da tukunya ba. Na maganaɗisu ba zai yi ja ba, ƙara kawai zai yi yana neman tukunya.

Mu yi lissafi

Wane ne ya fi cin kuɗi? Ga hanyar ganewa. Murhu mai wat 2,000, in ya yi awa 1 a ƙarshen ƙarfinsa, ya sha yunit 2 a mita. Shi kuma gas, kusan rabin zafinsa ko fiye yana bin gefen tukunya ya tafi a iska, alhali na maganaɗisu kusan kashi 85 cikin 100 na wutarsa yana shiga tukunya. Idan aka haɗa wannan da wancan, aikin da kilo 1 na gas zai yi, murhun maganaɗisu zai yi shi da kimanin yunit 7.

To, ku duba rasit ɗin katin mitarku ku ga nawa ake sayar muku da yunit 1, ku ninka sau 7. Sannan ku tambayi kuɗin kilo 1 na gas a unguwarku. Misali, in yunit naira 210 ne, 210 sau 7 ya zama 1,470. In kilon gas naira 1,200 ne, gas ya fi sauƙi. In kuwa yunit naira 65 ne, 65 sau 7 ya zama 455, lantarki ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Waɗannan lambobi na koyon lissafi ne, ku sa na garinku a madadinsu.

Sai dai arahar tana da sharaɗi. A Najeriya an raba masu shan wuta rukuni-rukuni. Rukunin A an yi musu alkawarin aƙalla awa 20 a rana, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E awa 4. A watan Afrilu na 2024 hukumar kula da lantarki ta ƙasa ta ɗaga kuɗin rukunin A zuwa naira 225 kowane yunit, daga baya aka ɗan rage. Kun ga ke nan, inda wuta ta wadata tana da tsada, inda take da araha ba ta zama. Kuma yawan awoyin ba shi kaɗai ne abin dubawa ba. Wutar da ake kawowa ƙarfe 1 na dare a ɗauke da asuba ba ta dafa abincin rana ba, ba ta haɗa wa 'yan makaranta karin kumallo ba.

Murhun haɗaka

Shi ne mai baki na gas da baki na lantarki a jiki ɗaya. Tunanin mai kyau ne: in akwai wuta a yi da ita, in an ɗauke a koma gas. Amma a tambaya da kyau, domin a yawancin manyan murhuna masu tsayuwa, irin masu baki 3 na gas da 1 na lantarki, bakin lantarkin baƙin faranti ne mai yin zafi a hankali, ba na maganaɗisu ba. Haɗakar gas da maganaɗisu ta gaskiya tana da tsada, yawanci a cikin kanta ake dasa ta, sai an kira mai aikin wuta da mai haɗa gas. In gilashin ya fashe, duka ɓangarorin biyu sun tsaya. Kafin a saya, a tabbatar akwai mai gyaransa da kayan gyaransa a garin.

Ni dai shawarata ga mafi yawan gidajenmu ita ce a yi haɗakar da hannu. A sayi murhun gas mai baki biyu, mai jikin ƙarfe wanda zai jure tuƙi, ya zama shi ne uwar ɗaki. Idan gidan yana samun wuta da rana, a ƙara da ƙaramin na maganaɗisu mai baki ɗaya da tukunya ɗaya ko biyu da aka gwada. Wannan ya fi araha, in ɗaya ya lalace ɗayan yana aiki, kuma mai gidan haya zai naɗe kayansa ya tafi da su ranar tashi. Gida mai mutane da yawa da ke ɗora babbar tukunya kullum, gas ne nasu. Ɗalibi ko ma'aikaci mai zama shi kaɗai a wurin da wuta ke tsayawa, ƙaramin na maganaɗisu zai wadace shi. Iyaye masu haɗa kayan ɗaki kuma, don Allah a aika a tambayo yanayin wutar unguwar da za a kai yarinya kafin a shiga kasuwa.

Aikin gida

Daga yau zuwa kwana 7, ku ja layi a littafinku, ku rubuta lokacin da aka kawo wuta da lokacin da aka ɗauke kowace rana. A gefe ku sa alama a duk lokacin girkin da ya samu wuta: safe, rana ko dare. Girki 3 a rana sau kwana 7 ya zama 21. Ku ƙirga nawa ne daga cikin 21 suka samu wuta.

Ku gwada tukwanen gidanku da maganaɗisu, ku rubuta nawa suka kama, nawa suka ƙi. Ku tambayo kuɗin kilon gas da na yunit ɗin wuta, ku yi lissafin sau 7 da muka koya. Masu tukunyar gas a gida su yi gwajin kumfar sabulu, da rana, taga a buɗe.

Ranar darasi na gaba kowa ya zo da littafinsa. Wanda bai samu maganaɗisu ba ya zo da ƙaramar tukunya ɗaya, akwai guda a aji, za mu gwada tare.