Kurakuran masu koyar da kiwon mage inda harsuna suka yi yawa

Kusan duk sabon mai wayar da kai a kan kiwon mage hanya ɗaya yake bi. Ya tara jama'a, ya zuba bayanin awa guda da harshen da ya fi iyawa, ya raba takarda, ya ce "kun gane?", kowa ya gyaɗa kai, a watse. Bayan wata biyu a kawo wa likitan dabbobi mage tana haki, dasashinta ya koma ruwan ƙasa.

Farasitamol ne ya yi mata haka. Hantar mage ba ta iya sarrafa shi kamar ta mutum, sai ya lalata jajayen ƙwayoyin jininta, su kasa ɗaukar iskar numfashi. Ƙwaya ɗaya mai miligiram 500 ta isa ta kashe babbar mage, fuska da ƙafafu su kumbura kafin nan. Amma me mai koyarwa yake cewa? "A guji bai wa dabba maganin mutane ba tare da shawarar ƙwararru ba." Kafin tafinta biyu su gama juya wannan doguwar magana, ta koma "a rage mata". Sai uwar gida ta raba ƙwayar biyu ta ɗura mata, da kyakkyawar niyya. Ni dai abin da nake yi, na ɗaga kwalin maganin kowa ya gani, na ce "ko ɓari, mutuwa ne", na jira kowane tafinta ya faɗa, sannan na wuce. Haka ma maganin ƙuma na karnuka mai sinadarin fametirin, guba ne ga mage: a nuna kwalin mai hoton kare. Idan an riga an ɗiga wa mage, a wanke wurin da ruwa mai ɗumi da sabulun wanke kwanuka, a garzaya asibitin dabbobi kafin ta fara makyarkyata.

Kuskure na biyu ya fi ba ni haushi, don ganganci ne tsagwaronsa. Ana koya wa wanda ya ji harshen, a bar wanda ke riƙe da magen. Mai gida ya zo taro, alhali wata tsohuwa ce a gida ke zuba abinci da kwashe kashi. Ko kuma a tsayar da yaro ɗan shekara 10 ya yi tafinta a kan fiɗiya da ciki. Haba! Yaron zai tsallake duk abin da yake jin kunyarsa. Ku tambaya tun farko: wa ke ciyar da ita? Shi za a nema. Ku daina tambayar "kun gane?", ba wanda zai ce a'a a bainar jama'a. Ku miƙa sirinji da ruwa ku ce a nuna muku mililita ɗaya. Saƙon murya na minti ɗaya a kowane harshe ya fi takarda, amma a sa wani daban ya saurara ya mayar muku da abin da ya ji.

Kwanan wata ma tarko ne. Rubuta 3/4, wani ya karanta 3 ga Afrilu, wani 4 ga Maris. A kewaye ranar rigakafi a kalanda. Rigakafin farko a mako 8 zuwa 9 da haihuwa, na biyu bayan mako 3 zuwa 4, na ciwon haukan kare daga mako 12.

Batun hana haihuwa, kada ku kira kowa jahili, ku kawo lissafi. Mage na iya ɗaukar ciki tun tana wata 4, cikin nata kwana 63 zuwa 65 yake yi, tana iya haihuwa sau uku a shekara.

Sauran kuwa a taƙaice. Madarar shanu zawo take sa yawancinsu, ruwa ya isa. Albasa da tafarnuwa suna fasa ƙwayoyin jini. Abincin kare ba ya wadatar da mage. Kada a raba jariri da uwarsa kafin mako 8. Cizo ko yakushi, a wanke da sabulu da ruwa minti 15, a je asibiti. Namiji kuwa in yana ta tsugunne yana yunƙuri fitsari bai fito ba, kada a bari ya kwana, mafitsara ce ta toshe.