Yadda Ake Shafa Wa Casis Ɗin Tsohuwar Mota Fentin Tarakta

Jama'a kun dame ni da tambayar yadda na yi wa casis fenti, wato ƙarfen ƙasan mota da ke ɗauke da jikinta, tun da na sa hoton akori-kurata, to ga yadda na yi. Fentin tarakta ne na gwangwani, mai arha, kuma yana jure duka.

1. Ɗaga motar a kan jak mai ƙafa. Kar ka shiga ƙasa da jak ɗin taya kaɗai, don Allah.
2. Wanke laka da ruwa.
3. Yi amfani da tina, wato ruwan sirka fenti, ka goge giris da baƙin mai.
4. Kankare tsatsa da burushin ƙarfe.
5. Bi da sanfefa har ƙarfen ya yi kaushi.
6. Share ƙurar da tsumma.

HATTARA: nan ake kwafsawa. In akwai ɗigon mai ko danshi fentin ba zai kama ba, zai riƙa ɓarewa kamar ɓawon albasa, kuɗinka ya tafi a banza.

7. Rufe tiyon birki, wayoyi da lambar casis da salatif, kar a tare ka a hanya lamba ba ta karantuwa.
8. Shafa jan fentin nan da masu walda ke sa wa ƙofa.
9. Bar shi ya kwana.
10. Sirka fentin tarakta da tina kaɗan.
11. Sa takunkumi, a fili za ka yi aikin.
12. Shafa siriri da burushi, mai kauri zuba yake yi.
13. Bayan awa 24 ka ƙara shafi na biyu.

Salansa kam kar ka taɓa, zafi zai ƙone fentin. Fentin yana da jinkirin bushewa, ka ba shi mako kafin ka shiga hanyar burji, kuma ranar da hazo ya sauko kar ma ka fara.