Kurakuran da masu na'urar hango zafi suke yi a daji

Tunda wannan na'ura ta fara shigowa hannun mutanenmu nan Garwa ta Kamaru, wacce wasu ke ce wa tamal, sai kowa ya ɗauka ya samu idon mujiya. To ba haka ba ne fa. Abin ba haske yake gani ba, zafin jiki yake ɗauka ya zana maka a allo, shi ya sa ko babu farin wata zai nuna maka dabba, kuma cikin hayaƙi ko hazo ya fi idonka nesa ba kusa ba. Wajen neman dabbar da ta gudu da rauni ko tsaron garke daga kura kam, babu kamar shi.

Babban kuskuren da ya fi ba ni tsoro, mutum ya hango wani farin abu yana motsi can nesa ya ce nama ne. Wallahi daga nesa ɗan maraƙin Bororo da gada da yaron da ya tsuguna bayan ciyawa duk dunƙulen fari ɗaya ne, ba ƙaho ba kala ba fuska. Nisan da kamfani ke rubutawa a kwali nisan hango cewa akwai abu ne, nisan da za ka gane ko mene ne bai kai ko kusa da haka ba. Ka matsa, ka jira ya yi tafiya ka ga takunsa, in ba ka tabbatar ba ka ƙyale shi, harsashi in ya fita ba ya dawowa.

Sai masu fita da magariba a watan Maris ko Afrilu lokacin da zafi ke wuce digiri 40, su dawo suna cewa an sayar musu da jabu. Malam ba jabu ba ce, duwatsu da suri da ƙasar kanta sun sha rana tun safe, zafinsu ya zo daidai da na jikin dabba sai allon ya cakuɗe kamar kunu. Ka bari ƙasa ta huce, wajen asuba hoton ya fi fita tas. Da damina ma in iska ta jiƙe ko ana ruwa hoton dusashewa yake.

Wani kuma yana zaune cikin mota gilashi a rufe yana leƙe, gilashi ba ya barin irin wannan zafin ya wuce, sai dai ka ga inuwar kanka. Haka bango, haka duhuwar ciyawa mai kauri, ba ya ratsa su. Ƙananan rassan da ke gabanka ma sau da yawa ba sa fitowa sosai.

Zuƙo hoto da maɓalli shi ma yaudara ce, ba ya ƙara komai sai faɗaɗa ɗigo-ɗigon. In za ka saya ka duba lambar yawan ɗigo-ɗigon hoton, 256×192 ba ɗaya ba ne da 384×288 balle 640×512, in lambar ta fi girma hoton ya fi fita. In ka ji ta yi ƙas hoto ya ɗan tsaya, saita kanta take yi, kar ka kai wa mai gyaran waya ya buɗe. Kar ka nuna ta ga rana, kar ka goge idonta da bakin riga bayan ƙurar hunturu, hure ƙurar tukuna. Batir kuma ka riƙe na biyu.

Sauran maganar doka. Tun dokar gandun daji ta 1994 an hana farautar dare a Kamaru sai da izini na musamman, cewa na'urarka ba ta haska fitila ba zai fishe ka a hannun ma'aikatan gandun daji ba, balle a kusa da gandun namun daji na Benuwe ko Buba Njida ko Waza. Ga kuma halin tsaro ta wajen Marwa, jandarma ya same ka da bindiga da wannan abu cikin dare, bayanin zai yi tsawo. Ka je ofishin MINFOF, wato ma'aikatar gandun daji da namun daji, ka tambaya kafin ka zuba sefa a kai.